Jolene Ba Ta Tofarwa

Tun suna firamare Jolene da Corinne suka gama magana: duk wadda ta riga yin aure, ɗayar ce babbar ƙawa. To ga shi an sa ranar Corinne, har an kai ɗinkin riga, amma ba ta ce wa Jolene uffan ba. Dalilin kuwa sunanta Tamsin, wata doguwa 'yar ofishin su Corinne, wadda ta je kwas ɗin ɗanɗanon giyar inabi na ƙarshen mako ta dawo tana magana ta hanci.

Tamsin ɗin ce ta kawo shawarar su zaga gonakin inabi na kwarin Okanagan ran Asabar. Caraf Jolene ta ce a motarta za a je, ita za ta tuƙa. Ta san abin da take yi. Mai tuƙi ke da amarya a gefenta, kuma Corinne ba ta iya faɗar magana mai nauyi sai a mota, tana kallon titi. Ko karyawa Jolene ba ta yi ba, ta tsaya wanke a-kori-kurarta.

A gonar farko wani mai gemu ya jera musu kofunan gilashi, ya tsiyaya wa kowa abin da bai isa wanke ido ba. Tamsin ta jujjuya kofin, ta cusa hanci ciki, ta lumshe ido kamar an yi mata rasuwa.

"Ina jin ƙanshin dutse bayan ruwan sama," ta ce. "Da ɗan fatar sirdi."

"Ni dai inabi nake ji," in ji Jolene.

"Kai, Tamsin, wallahi akwai dutsen!" in ji Corinne, wadda ko bara a kofin roba take shan giyar kwali.

Tamsin ta kurɓa, ta kuskure baki, ta sunkuya ta tofar a wani bokitin azurfa. Mai gemu ya gyaɗa kai kamar ta ci jarrabawa. Ta turo wa Jolene bokitin.

"Ki tofar, 'yar uwa, ke ce direba."

"Uwata ba ta koya min tofar da yawu gaban mutane ba."

"To ki tsaya a ruwa mana."

"Sannu likita."

Jolene ta haɗiye. Ai kurɓi ɗaya ne, ko kyanwa ba zai bugar ba.

Sai dai kowace gona kurɓinta ya fi ɗaya. A ba ka fara, a ba ka ja, a ba ka wata mai zaƙi wadda aka ce sai da inabin ya daskare aka tsinko shi. Tamsin kuwa tsakanin kofi da kofi sai ta sha ruwa, ta gutsiri burodi da cuku, ta miƙa wa Corinne. Ta miƙo wa Jolene ma. Da wani ne ya miƙo da ta ci, don cikinta har kuka yake. Ta ce ta ƙoshi.

A gona ta uku Corinne ta ce ita ma za ta koyi tofarwa. Ta sunkuya kan bokiti tana dariya, Tamsin ta sa hannu ta tattare mata gashi baya. Jolene ta tsaya kallon hannun nan. Tun sakandare, duk ranar da Corinne ta sunkuya kan wani abu, ita ce mai riƙe gashin nan. Ta ɗauki kofinta ta shanye, ta jawo na Corinne ta ƙarasa.

"Wannan," ta ce da ƙarfi, hancinta cikin kofi, "ƙanshin safar ɗan ƙwallo gare ta. Da ɗan girman kai."

Nan ma wani mai gemu ne ke tsiyayawa. Bai gyaɗa kai ba.

Da suka fito rana ta dake ta, ƙasa ta ɗan karkace. Makulli ya faɗi, ta ɗauka, ya sake faɗi.

"Jolene, ba ni makullin nan," in ji Corinne.

"Lafiyata lau. Ɗan kurɓi-kurɓi ne fa."

"Kurɓin ne ya taru, baiwar Allah. Ni ma na haɗiye wasu, ba zan tuƙa ba. Kawo."

Jolene ta dubi titin da ke gangarawa a murɗe a murɗe zuwa bakin tafki, ta dubi Corinne. Taurin kai gare ta, amma ba mahaukaciya ba ce. Ta sa makullin a tafin Corinne, don dai kada a ce ita ta ba Tamsin. Corinne ta juya ta ba Tamsin.

Aka zuba Jolene a kujerar baya da gorar ruwa da ragowar burodi. Ta yi ta addu'a motar ta ƙi tashi. Ta tashi a murɗa ɗaya. Ta yi fatan Tamsin ta kasa kwana, sai ga matar nan tana tuƙi lafiya lau, har da sigina a inda babu kowa. Jolene ta rufe ido don kada ta gani.

Can sai ta ji Corinne ta rage murya.

"Ta yi barci?"

"Kamar dai."

"Tamsin, dama akwai maganar da nake ta jujjuyawa. Ina so ke ce za ki tsaya kusa da ni ranar."

"Jolene fa?"

Corinne tana kallon titi. "Da safen nan ma ban yanke ba. Za ta gane. Zan ba ta kula da baƙi."

Jolene ba ta buɗe ido ba. Burodin na hannunta, ta matse shi har ya koma ƙullu.

"Ki rage gudu," ta ce, "akwai rami a gaba."

Tamsin ta riga ta kauce masa.