Takardar Izinin Gwaza

Kefas ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin malamin dabbobi, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa barin ko ɗan akuya ya tsallaka daga wani garke zuwa wani ba sai da takarda. Da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Samaru, dabba ɗaya ta rage masa, ita ma ba ta cin dusa, ba ta shan ruwa. A cikin kaset ɗin wasa take, wani ɗan abu kamar akwatin ashana da ake cusawa a bayan na'urar hannu.

Matarsa Lucia ce ta kamo dabbar. Nas ce, kuma shekara ashirin da suka wuce ƙanenta ya kawo mata na'urar daga gwanjo. Wasan na kamun halittu ne: ka shiga jeji, ka kama, ka yi kiwo, ka sa su faɗa. Mace mai aiki da 'ya'ya ba ta da dalilin ɓata lokaci a kan irin wannan, Kefas kuwa ya gaya mata haka ba sau ɗaya ba. Ba ta ji ba. Ta kama wani ɗan abu ruwan ƙasa mai ƙafa huɗu, ta sa masa suna Gwaza. Gwaza bai da amfanin komai. In aka tura shi faɗa, sai ya kwanta a gaban abokin gaba ya kama barci. Lucia ta yi ta dariya, ta ce halin maigidanta ne ranar Lahadi bayan cin tuwo.

Shekara shida ke nan da rasuwarta. Tun daga lokacin, duk Lahadi in an taso daga coci, mutumin da ya yi ta mata faɗa shi ke kunna na'urar, ya duba idon Gwaza, ya ƙirga ƙafafunsa, ya kashe ya mayar cikin durowa.

Wata Lahadi 'yarsa Happiness, wadda ke aji uku a jami'a, ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Baba, ka ga agogon wasan ya fara ruɗewa? Akwai ɗan batir a cikin kaset ɗin, shi ke riƙe da komai. Ya kusa mutuwa. Ranar da ya mutu, Gwaza ya tafi ke nan."

"A canza batirin mana."

"Ana cire shi komai zai goge. Sai dai a yi wa Gwaza ƙaura zuwa sabon wasan, wanda ke cikin tawa na'urar."

Matsalar ita ce tsohon wasa bai san sabo ba, sai an bi ta na tsakiya, wato wasan da ya fito tsakaninsu. A duk Zariya mutum ɗaya ke da na tsakiyar da wayar haɗa su: Ugo, mai gyaran rediyo a Muchia, cikin Sabon Gari.

Kefas ya jawo durowa. Ya ɗauko biro da takarda biyu da kabon a tsakani, ya rubuta izinin safarar dabba. Suna: Gwaza. Launi: ruwan ƙasa. Ƙafa: huɗu. Ƙaho: babu. Daga Samaru zuwa Sabon Gari. Ya sa hannu, ya buga tsohon hatiminsa.

"Baba, wa zai tare ka a hanya?"

"Ba don mai tarewa ake bin doka ba."

Washegari da hantsi suka hau bas. Kefas ya ɗora na'urar a cinya, an naɗe ta da tawul saboda gargada, ya ce wa direba ya rage gudu a Kwangila don akwai dabba a mota. Direban ya waiga ya duba ƙarƙashin kujeru, bai ga komai ba, ya ci gaba da tuƙi.

Ugo haifaffen Sabon Gari ne, furfura ta fara fito masa, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta har ƙarshe, domin ya ga fuskar mai ita.

"Baba Likita, ga yadda abin yake. Ba kyauta ake yi ba, musanya ce. Kai ka turo naka, ni in tura maka nawa. In ba haka ba wasan ba zai yarda ba."

"Nuna mini naka."

Ugo ya nuna masa wata koriyar halitta, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, yawu na zuba daga bakinta. Kefas ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba ta da lafiya."

"Haka aka zana ta, Baba."

"To wanda ya zana ta ya zana ciwo. Sai an killace ta kwana goma sha huɗu kafin ta shiga wurin da dabbata ta kwana."

Happiness ta dafa goshi. "Baba, batirin ba zai kai kwana goma sha huɗu ba. Ƙila ko Laraba ba zai kai ba."

Aka yi ta ja-in-ja har mai ɗinkin takalma na maƙwabta ya ajiye aikinsa ya zo kallo. A ƙarshe Kefas ya yarda da minti goma sha huɗu. Aka ɗora na'urar Ugo a kan wata tsohuwar talabijin, nesa da kowa, manya uku suka tsaya suna kallon agogo. Babu wanda ya ji kunya a cikinsu, ko da yake ya kamata.

Da lokaci ya cika Ugo ya haɗa waya. Gwaza ya dunƙule, ya bi ta cikin wani bututu da aka zana, ya sauka a na'urar tsakiya. Kefas ya ajiye numfashi. Sai fuskar na'urar ta fara walƙiya, ɗan abin ya kumbura, ya sake kumbura, ya miƙe tsaye. Da hasken ya lafa, ga wani ƙato baƙi ƙirin, ƙafa biyu, ƙaho uku, ƙirji kamar na ɗan dambe.

"Barka, Baba!" in ji Ugo. "Ya girma. Irin wannan sai an yi musanyarsu suke girma. Shekara ashirin yana jiran yau."

Kefas ya dubi ƙaton, ya dubi takarda.

"Ina dabbata?"

"Ga shi nan."

"Ƙafa huɗu na kawo maka. Ƙaho babu. Ni za ka yi wa wannan? Na ga masu musanya saniya a kara tun kafin ka fara sa wando."

"Baba, ga sunan Mama nan a rubuce a ƙasa," in ji Happiness. "Dubi, Lucia."

"Suna kowa na iya rubutawa. Na ga an goge shaidar wuta a cinyar bijimi an buga wata."

Ya ce a mayar masa da abinsa. Ugo ya ce za a iya mayarwa, amma a ƙato zai koma, kuma cikin kaset mai mutuwa. Ya ce kuma ba zai iya ajiye shi a na tsakiyar ba, don da la'asar wata Susanna daga Palladan za ta zo da nata halittun, sai an share wurin. Kefas ya ce shi kuma ba zai sa hannu a tura baƙuwar dabba cikin na'urar 'yarsa ba. Ya zauna a benci ya rungume tawul ɗin. Da Happiness ta ga haka, sai ta daina masa gardama.

Mai ɗinkin takalma ne ya ce, "Wai Baba, da can in takarda ta ɓace, yaya kuke gane dabba?"

"Da hali," in ji Kefas. "Makiyayi ya san wadda ke harbi, ya san wadda ke bin mata masu tallar nono." Sai ya miƙe. "Ugo, tura shi faɗa."

Ugo ya shiga jeji da ƙaton. Wani ɗan ɓera ya fito daga ciyawa, ko gwiwarsa bai kai ba. Ƙaton ya dube shi, ya buɗe baki ya yi hamma, ya kwanta da ƙahoninsa uku ya kama barci. Ɓeran ya yi ta cizonsa, bai motsa ba.

Kefas ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Shi ne," ya ce. "Malalacin banza."

Ya karɓi takardar ya soke huɗu ya rubuta biyu, ya soke babu ya rubuta uku, ya sa hannu a gefen kowane gyara. Ugo ya gargaɗe shi cewa daga wannan mataki babu komowa, wanda ya shiga sabon wasa ya shiga ke nan. Kefas ya ce ya sani. Aka haɗa na'urar Happiness, Gwaza ya wuce yana barci.

A bas ɗin komowa Happiness ta miƙa hannu za ta karɓi na'urarta. Kefas ya sa ta a aljihu.

"Sabuwar dabba ta shiga garke. Kwana goma sha huɗu."

"Baba!"

"Wannan karon babu batirin da ke mutuwa."

Ranar Lahadi bayan coci ya duba Gwaza, ya ƙirga ƙahonin. Sannan ya kunna tsohuwar na'urar. Koriyar halittar Ugo na nan ita kaɗai, yawu na zuba. Kefas bai so ta ba, amma a hannunsa take, kuma kwanakinta kaɗan ne. Ya jawo kujera ya buɗe mata katin jinya.