Furfurar Tamim

A da, Adib Sabbag mai zane ne da ake ji da shi a Dimashƙ. Zanensa irin na zamani ne, wanda za ka tsaya gabansa kana gyaɗa kai don kada a ce ba ka waye ba. Da yaƙi ya zo, masu gyaɗa kai suka watse, aikinsa ya koma wani abu dabam. Uwa za ta kawo hoton ɗanta da aka tafi da shi shekara da shekaru, shiru kake ji, ta ce a zana mata yadda kamanninsa suke yanzu.

A nan ya gano abin da ya hana shi sukuni. Wata fuskar tana karɓar tsufa, kumatu su zurma, furfura ta zauna daram. Wata kuwa, ko sau nawa ya shafa farin fenti, kafin ya wanke buroshi fentin ya nutse, saurayi ya koma saurayi. Kuma duk wanda fuskarsa ta ƙi tsufa, ba a daɗewa sai labarin rasuwarsa ya iso. Adib bai gaya wa kowa ba, amma matarsa ce ke kawo wa iyayen shayi, ita kuwa ba makauniya ba ce.

Nasu ɗan, Tamim, a hanyar jami'a aka ɗauke shi.

"Abu Tamim," matar ta ce wa mijinta wata safiya, "'ya'yan mutane kaf ka zana. Nawa fa?"

"Haba Umm Tamim, idona ya yi rauni. Bari in canja tabarau."

"Tabaran da kake canjawa tun bara? Ka ji tsoron Allah. Na gaji da dafa abincin mutum uku ina zubar da na ɗaya."

Tsoro ya kama shi, amma ya fito da allon zane tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar lemo. Fuskar ta zo masa da sauƙi, har ɗan tabon da ke haɓar yaron. Ya lakato fari, ya ja siririyar furfura kusa da kunne, ya tsaya yana addu'a a zuci.

Furfurar ta ɗan jima, har ya fara murmushi. Sai ta dushe a hankali, kamar gishiri a ruwa.

Ya sake. Ya jefar da buroshi, ya dangwala da yatsa, ya lafta. Gashin ya shanye duka, baƙi wuluk.

Bai san matarsa tana tsaye bayansa ba sai da ta riƙe masa hannu.

"Bar shi haka, kada ka wahalar min da shi," ta ce. "Je ka aro kujeru wurin maƙwabta. Ni zan ɗora gahawa mai ɗaci, kafin masu ta'aziyya su fara zuwa."