Bel Ɗin da Baffa Ya Hana a Taɓa

Bel ɗin robar da ke juya farantin garmahon gidan ya tsinke ne ranar da Baffa ya yi tafiya. Tun daga ranar Umma ta daina cin abinci.

Shekara goma sha tara kullum da safe sai ta saurari faifan nan, wanda ya zo ta gidan waya wata guda bayan ɓatan mijinta. Muryar Abba ce a ciki, mai kauri: "Na tafi da ƙafata. Kada kowa ya neme ni. Ƙanina zai riƙe gida." Ƙanin nan shi ne Baffa. Ya riƙe gidan, ya riƙe garmahon, bai yarda kowa ya ɗaga farantinsa ba.

A rana ta uku 'yarta Auta ta naɗe garmahon a zani, ta kai shagon wani tsoho mai gyaran rediyo.

Tsohon ya ɗaga farantin, ya zaro tsinkakkiyar robar, ya ja ta.

"'Yata, wannan bel ne ko igiyar shanya?"

"Malam, ka dai sa sabo. Ummata ce ba ta ci."

Ya sa sabo, ya danna shi da yatsa. "In ya yi tauri, injin ya dinga gurnani ta cikin lasifika. In ya saki, sauti ya dinga tangaɗi kamar mashayi." Ya ɗiga alli a gefen farantin, ya kunna, yana ƙirga juyi da agogon hannunsa. Ya sake ƙirgawa. Murmushinsa ya ɗauke.

"Ashirin da takwas. Talatin da uku da ɗoriya ya kamata ya yi a minti."

"Tsufa ne?"

"Tsufa ba ya riƙe magogi." Ya haska mata ɗan sandar ƙarfen da ke saman injin, inda bel ke zagayawa. "Duba, an goge shi, an sirantar da shi don faranti ya rage gudu. Sakin bel ɗin kuma ya rufe aikin, kowa ya ce laifin roba ne. Wanda ya yi wannan ya san hannunsa."

Ya tono wani sandan a gwangwanin kusoshi, ya ɗaura. Allin ya zagaya daidai. Ya ɗora allura a kan faifan.

"Na tafi da ƙafata…"

Kaurin ya tafi. Siririyar murya ce, mai fita ta hanci, muryar Baffa, wadda ke ce mata ta rufe ƙofa kowace rana tun tana 'yar shekara shida. Auta ta dafa teburin.

"Kin san mai maganar?" in ji tsohon.

Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara. Baffa.

"'Yar Baffa, na dawo da wuri," ya ce a hankali. "Na ga teburin falo wayam. Ina kika kai shi?"

"Gyara, Baffa."

"Gyara." Ya yi 'yar dariya. "An kunna?"

A bayanta faifan yana ta juyi. "…Ƙanina zai riƙe gida." Tsohon ya yi wuf ya ɗage allurar, amma ya makara.

"Ga ni zaune kusa da Ummanki," in ji Baffa. "Ta rame. Kawo shi yanzu, ke kaɗai, mu sa mata ta ji mijinta."

Ya kashe.

Tsohon ya ɗauko gogaggen sandan. "In mayar da shi? Minti biyu ne. Ki ce ba ki ji komai ba."

Auta ta dubi ɗan ƙarfen. Shekara goma sha tara Umma tana yi wa muryar nan kuka, tana tambayar laifin da ta yi aka gudu aka bar ta.

Ta karɓe shi, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Bar sabon, Malam. Rufe shago ka biyo ni, ka kira duk wanda ka gani a hanya. Yau Umma za ta ji shi a daidai gudunsa."