Wurin Tsayawar Gingimari a Gidan Dare

A shekarar da motoci suka cika Sakkwato, bayan an yi wa ma'aikata ƙarin albashi na Udoji, Alhaji Sodangi ya gama ginin sitonsa na hatsi a unguwar Gidan Dare. Ya daɗe yana sayar da gero da dawa a rumfar aro cikin kasuwa, ya daɗe kuma yana son wuri nasa na kansa. Ginin bulo ne da rufin kwano. A baya akwai babban ɗakin buhuna, a gefen titi kuma wani dogon shago mai tagogi, inda ya yi niyyar ya riƙa zama kan kujera yana karɓar baƙi kamar manyan 'yan kasuwa.

Abu ɗaya ya rage masa, izinin buɗewa daga ofishin tsara gari. Kaka ta ƙarato, kuma manoman Dundaye sun riga sun yi masa alkawarin geronsu. In bai sami izinin ba kafin a gama sussuka, wani za su ba.

Ma'aikacin da aka turo masa sunansa Malam Siddiƙu, wani siririn saurayi mai basfa, da igiyar awo rataye a wuya. Ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bango, sannan ya tsaya a ɗan filin da ya rage a gefen arewa.

"Doka ta raba gine-gine, Alhaji," in ji shi. "Gidan zama, wurin mota ɗaya. Kantin magani ko na atamfa, wurin ƙananan motoci biyu. Otal da gidan sinima kuwa, kusan filin ƙwallo ake nema gare su. Kai sito gare ka, abin da zai riƙa zo maka gingimari ne. Saboda haka wurin gingimari za ka bari, cikin filinka, ba bisa titi ba."

"To jakkai hwa?" in ji Alhaji Sodangi. "Ubana da jakkai yay yi fataucin hatsi, ba wanda yat taɓa tambayar shi inda za su tsaya."

"Jaki bai tare hanyar asibiti, Alhaji."

Alhaji ya yi dariya, don yana son mutum mai amsa. Malam Siddiƙu ya auna filin, ya ce ya isa daidai. Ya ce a share shi, a yi masa iyaka yadda kowa zai gane, kada mai shayi ko mai tsire ya kafa rumfa a kai. Ranar da ya dawo ya ga gingimari tsaye a ciki da idonsa, ranar zai ba da izini.

Alhaji Sodangi mutum ne da ba ya son aikin ganin ido. Ya sa leburori suka cire ƙaya da ɓaraguzan bulo, suka daddaɓe ƙasa. Ya sa aka ɗebo yashi mai laushi daga gulbi aka shimfiɗa, don kada taya ta nutse da damina. Aka jera duwatsu a gefuna uku aka shafa musu farar ƙasa, aka bar ɓangaren yamma a buɗe wajen titi. Can ƙurya ta gabas, a tsakiya, ya sa aka kafa wani babban dutse ɗan gaba da sauran, inda direba zai san ya kai ƙarshe in yana shiga da baya. Randar da magina suke shan ruwa kuwa, da butarsu, ba wanda ya tuna ya ɗauke.

Da ya ga komai ya yi fes, sai ya tafi Dundaye ya kwana biyu wajen manoma.

Ya dawo wata ranar Laraba da la'asar, a gaban gingimarin ɗan yayarsa Muntari, wanda shi ne zai riƙa yi masa jigilar hatsin. Tun daga nesa ya hango takalma jere a bakin filin. Da suka matso, sai ga sahu biyu na mutane, masu baro da teloli da ɗan faci na bakin titi, a gaba kuma, daidai babban dutsen, Baba Mode ne tsaye yana limanci. Baba Mode tsoho ne mai sayar da goro a unguwar, kuma shi ya yi wa Alhaji Sodangi huɗuba a kunne ranar da aka haife shi.

Muntari ya taka birki a tsakiyar titi.

"Kawu, masallaci kag gina ba ka hwaɗa muna ba?"

Alhaji ya leƙa ta taga. Ya dubi fararen duwatsun, ya dubi yashin, ya dubi dutsen da ke fuskantar alƙibla, ya dubi randa da buta. Shi kansa da baƙo ne, da abin da zai ɗauka ke nan. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san wuri mai shara da jeren duwatsu masallaci ne. An riga an yi raka'a ɗaya, shi kuma bai yi la'asar ba. Ya sauka, ya yi alwala da butar magina, ya tuɓe takalmi ya bi sahu.

Da aka sallame, Baba Mode ya juyo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sodangi, Allah shi yi maka albarka. Shekara nawa muna sallah bisa kwali bakin kwata! Wasu in sun samu sai su sayi Marsandi, kai kuwa kat tuna da mu."

Jama'a suka amsa da amin. Alhaji ya buɗe baki, ya ce, "Baba, ai wurin ga..." Tsohon ya tsaya yana kallonsa yana murmushi da jajayen haƙora. Alhaji ya ce, "Wurin ga yana son tabarmi." Ya koma mota kansa a sunkuye.

Washegari da hantsi, lokacin da filin ba kowa, ya kira Muntari.

"Yanzu ba kowa. Shiga da ita da baya, in aika a kira Malam Siddiƙu shi gani. Kahin azahar ka hita."

Muntari ya cire hula ya sosa kai. "Ni in taka inda anka yi sujada da taya? Kawu, hanyar Gusau nika bi, mai ramu da kwana. Ban iya tuƙi da wanga alhaki bisa kai. Ka nemi wani direba."

"Wurin mota na, Muntari! Ni nis sa anka zuba yashin."

"Jiya wa nig gani cikin sahu na ukku yana tahiya?"

"Sahu biyu na."

"To ka dai shiga."

Suna cikin haka Malam Siddiƙu ya iso a kan basfarsa, ba tare da an kira shi ba. Ya ga tabarmi a naɗe jikin bango, ya ga wani ya riga ya kafa sanduna zai yi rumfar zana. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Alhaji, wannan ba wurin mota ba ne."

"Wurin mota na. Sallah dai aka yi cikinai."

"In na rubuta wurin mota, na yi ƙarya. In na rubuta masallaci, to a dokarmu masallaci ma yana da nasa wurin motoci da ake nema, sai ka ƙara nemo wani fili."

Muntari ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Alhaji ya harare shi.

"To ka yi muna magana da su mana, kai da ad da hular gwamnati," in ji Alhaji.

"Ni?" Malam Siddiƙu ya ja da baya. "Ni in tashi masallaci a Sakkwato? Uwata tana zaune kusa da Hubbare, da wane ido zan shiga gida? Aikina awo ne. Ka nuna mini inda gingimari za ta tsaya ba bisa titi ba, in ba ka izini. Kada kuma ka ce za ka sauke kaya a titi a ɓoye. Sojoji suna zagayawa, makon jiya sun sace iskar tayoyin wata mota a bakin kasuwa, suka sa direban tsallen kwaɗo."

Da yamma Alhaji ya tafi gidan yayarsa Dije, uwar Muntari. Ita ta goye shi yana yaro, kuma har yanzu ba ta daina yi masa magana kamar yana goye ba. Ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ya zauna kan turmi ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta bar shi ya gama, rariya ba ta tsaya ba.

"Kai da kanka kas share wuri, kaz zuba rairai, kaj jera duwatsu, kak kahwa alƙibla, kab bar buta. Mi kaka so su yi? Rawa?"

"Yaya, ban zo a yi mini dariya ba."

"To ka je ka ce ma Baba Mode shi tashi."

"Ban iyawa."

"Ka bar sito."

"Shi ma ban iyawa. Wallahi sai na buɗe shi bana."

Dije ta ajiye rariya, ta kaɗe gari daga zanenta. "Dogon ɗakin ga na bakin titi, mai tagogi, hatsi za ka zuba ciki?"

"A'a. Nan za ni zama."

"Kai ɗaya? Tsawonka ya kai na gingimari?"

Tagogin nan daga Kano Alhaji ya sa aka kawo su. Ya riga ya zaɓi inda zai rataye agogo, ya riga ya gaya wa abokansa na kasuwa su zo su ga ofis. Ya daɗe yana kallon kaji suna tsattsagar tsaki a gindin turmi. Sannan ya miƙe ya ce mata sai da safe.

Da gari ya waye, mutanen unguwa suka ji ƙarar guduma. Alhaji Sodangi ne da kansa, ya tuɓe babbar riga ya rage 'yar shara, yana dukan bangon shagon da ko fenti bai gama bushewa ba. Kafinta ya riga ya cire tagogin ya jingine su. Leburori suka zo suka karɓi gudumar, ya ƙwace abarsa, ya ce su je su kwance kwanon sama, don gingimari mai kaya ta fi rufin tsawo.

Masu wucewa suka tsaya. Wani ya ce an yi masa asiri. Wani ya ce gwamnati ce ta ce titi zai bi ta nan. Baba Mode ya taho da sandarsa, ya tsaya yana kare ido da hannu.

"Sodangi, lahiya kake rushe sabon gini?"

"Lahiya lau, Baba. Mota aka ma wuri."

"Mota?" Tsohon ya dubi ɓaraguzan, ya juya ya dubi filin yashi da fararen duwatsunsa, ya daɗe yana kallon babban dutsen. Ya sake duban Alhaji, da ƙura har gira. Ya jingina sandarsa, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki rabin bulo ya kai gefe. Da teloli da ɗan faci da masu baro suka ga haka, sai suka shigo. Masu baro suka fi kowa amfani. Alhaji ya yi ta cewa su bari, ba wanda ya saurare shi.

Aikin ya ci ranar da wadda ta biyo. Da aka kira Malam Siddiƙu, babu shago, sai dogon fili tsakanin bangon sito da wani guntun bango da aka bari don ya tare ƙasa. Ya ja igiyar awo a tsaye, ya ja a kwance, ya tsuke baki.

"Faɗin ya matse, Alhaji."

"Mota kac ce kana son gani, ba igiya ba. Muntari!"

Muntari ya tayar da gingimarin. Ya karya kan motar ya fara shiga da baya, ƙarfen gefe ya kusa gogar bango, mutane suka yi ihu. Ya fita ya sake. Karo na biyu tayar baya ta hau guntun bangon. Ya leƙo da kai yana zufa.

"Kawu, ba ta shiga!"

"Tana shiga. Naɗe madubin ka bi hannuna."

Alhaji ya shiga ya tsaya a can ƙurya, bayansa jikin bango, inda in birki ya ƙi ba shi da wurin gudu. Ya ɗaga hannu yana kira, taho, taho, karya dama, ya isa, taho. Motar ta riƙa shigowa kaɗan-kaɗan tana gurnani, har hancinta ya bar kwalta gaba ɗaya. Malam Siddiƙu ya je ya tsuguna a bakin titi, ya rufe ido ɗaya ya duba.

"Ta shiga," in ji shi. "Ka aiko a karɓi izini, ka fara ɗauko geronka."

Jama'a suka yi kabbara. Sai aka ji ana buga ƙarfe daga cikin mota. Muntari ne, ƙofar dama ta ƙi buɗewa saboda bango, ta hagu ma haka.

"Kawu! Ta ina za ni hita?"

Alhaji Sodangi ya rarrafo ta ƙarƙashin motar, gwiwoyinsa duk baƙin mai, ya miƙe yana haki.

"Wa yac ce ka hita? Tada ta, Dundaye za mu."