Jirgin Ƙarfe Goma

Shekara talatin Direba ya yi yana jan doguwar bas zuwa babban birni, awa goma sha huɗu in hanya ta yi kyau. Da asubar nan 'yarsa ta bugo daga can, ta ce likitoci sun matso da aikin zuciyar mahaifiyarta zuwa ƙarfe ɗaya na ranar yau. Ta riga ta saya masa tikitin jirgin ƙarfe goma, awa ɗaya da minti goma zai sauka. Abin ya zo masa kamar raini. Tafiyar da ta cinye masa ƙashin baya, wai a gama ta kafin mutum ya gyara zama.

Ta roƙe shi ya fita da wuri. Ya ce ba ita za ta koya masa tafiya ba.

Zama dai ya gagare shi. Ya goge riga, ya sake wata, ya buɗe jaka ya rufe har sau uku, ya tuna gilashin karatun matarsa ya koma ɗaki ya ɗauko. Tsoro yake ji, ba ya so ya amsa wa kansa. Amma lissafinsa na tasha ne, inda ƙarfe goma ke nufin lokacin da ake fara lodi, fasinja ya ajiye jaka a kujera ya je ya karya. Shi da kansa ya sha kashe inji ya jira mai ciki ko tsoho. Da ya shiga filin jirgi goma saura kwata, har yabon kansa yake yi.

Ma'aikaciyar da ke bayan kantar karɓar fasinja ta duba tikitin, ta ce an rufe karɓar fasinja tun tara da kwata. Ya nuna mata agogo. Ya nuna mata jirgin ta gilashi, ga shi can tsaye, matakala ma ba a janye ba. Ya ce a yi wa matuƙin magana, ai direba ne ɗan uwansa, zai gane. Ya ce ko a tsaye zai tafi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Na gaba sai ƙarfe huɗu."

Ya yi ta safa da marwa tsakanin kanta da gilashi, jaka na dukan gwiwarsa, har jirgin ya juya ya tashi a kan idonsa. Daga nan ya koma lissafi, ya auna ƙaramar mota, ya auna gudu ba tsayawa, duk bai fi ya rage awa biyu daga sha huɗun nan ba. Sau biyar wayarsa na ƙara a aljihu, kunya ta hana shi ɗauka.

Sai ɗaya saura ya amsa. 'Yar ta ce mahaifiyarta ta hana a tura gadonta ɗakin tiyata, ta ce sai ya shigo. Ya faɗi gaskiya. Ya ji an kara wayar a kunnen matarsa, ya ji numfashinta, ya ce ta daure ta bari a shiga da ita.

"Na so in faɗa maka ido da ido," ta ce a hankali. "Malam, ka yafe mini."

Ya buɗe baki. Kafin maganar ta fito ya ji ƙarar tayoyin gado, sannan muryar 'yarsa tana cewa sun shiga da ita.

Ya zauna a kan jakarsa, ya ce ya yafe, wayar na kunnensa.