Uwar Kullun Bernar

Shekara ashirin Malam Abdul-Majeed yana gasa burodi a Woolwich, wata unguwa a ƙasar Turawa, bai taɓa sayen yisti ba. Da uwar kullu yake aiki, wani kullu mai tsami da yake ajiyewa a kwalba, kullum ya ba shi fulawa da ruwa, ya ɗiba ya haɗa kwaɓin ranar.

Kullun nan ya girmi kowa a danginsu. Kakan babansa, Bernar, Bafaranshe ne da ya zo Damagaram farkon zuwan Turawa. Ba soja ba ne, ba mai mulki ba. Ɗan masu burodi ne, ya zo da kwalba a ƙunshe cikin riga, ya gina tanderu da hannunsa, ya auri 'yar gari, ya mutu a can. 'Ya'yansa suka gaji wuta da fulawa, jikoki ma haka.

Ranar Asabar Abdul-Majeed ya buɗe firji, babu kwalba.

"Hamdatu! Ina kwalbata?"

Matar ɗansa ce, 'yar zangon Kumasi, wata biyu da aure. Ta fito tana goge hannu.

"Baba, na yi cleaning. Abin ya yi expire, yana wari. Na zubar, na wanke kwalban tas."

Ya kalle ta, ya kalli kwalbar tana sheƙi. Bai yi faɗa ba. Laifinsa ne, bai taɓa gaya mata ba.

Saura wuri ɗaya. A gidansu, duk 'yar da za a kai ɗakin miji sai an sa mata ɗan kullun cikin kayanta. Yayarsa Zarah ta samu nata, tana Peckham. Amma shekara uku ba sa magana, tun ranar da ya ce mata a gaban mutane mace ba ta iya riƙe sana'ar gado ba. In ta bar nata ya mutu, to na Bernar ya ƙare a ƙasar nan.

Ya hau bas 177, ya sauka, ya hau bene hawa huɗu yana haki.

"A'a, sarkin tanderu ne da kansa?" in ji Zarah daga bakin ƙofa. "Wa ya mutu?"

"Kullu ne, Yaya."

Sai ta wuce kicin, ya bi ta. Kwalba uku a jere, kowace tana kumfa, ƙamshin tsamin nan irin na gidan kakarsu ya bugi hancinsa.

"Har uku?"

"Ɗaya tawa, biyu na 'ya'yana, in aurensu ya zo. Ko sanda aka kwantar da ni asibiti, maƙwabciyata na ba wa key tana ciyar da su. Mace dai, wadda ba ta iya riƙe gado ba."

Ya cire hularsa, ya murza ta a hannu.

"Na yi ƙarya, Yaya. Kin fi ni."

"Ƙara faɗa, kunnen nan ba ya ji sosai."

Ya ƙara. Ta ɗebo cokali huɗu ta zuba a ƙaramar kwalba, ta rufe, amma ba ta miƙa masa ba.

"Ba kai zan ba ba. Ka turo min amaryar nan gobe. Ni zan koya mata, ta ji labarin Bernar daga bakina."

Ya koma Woolwich hannu wofi. Washegari shi da kansa ya rako Hamdatu tashar bas.