Miyar Sadakar Ukun Iya

Surukata ta rasu ranar Talata da hantsi, tana tsaka da faɗa. Daga lambu ta dawo da kwandon tumatir a ka, ta tarar akuyar maƙwabta ta tsoma kai cikin buhun dusarta. Ta sauke kwandon, ta fara zayyana wa akuyar asalinta tun daga kakanni. Ba ta kai kan uwar akuyar ba ta ce a shimfiɗa mata tabarma. Kafin maigidana ya iso daga bakin ruwa, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta. Ta haura tamanin da biyar, ko da yake ita tun da ta kai saba'in ta ja ta tsaya.

Sunanta Kyauta, Allah ya yafe mini da na kama shi, amma duk Tiga Iya ake ce mata. Tana cikin waɗanda aka taso lokacin da ruwan dam ya ci garinsu. Da goyo a baya ta zo, da dutsen niƙa a ka, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa ruwan nan ba. Shi ya sa ma, in ji ta, ta kama sana'ar bandar kifi: tunda ya cinye mata gona, ita ma sai ta ga bayan 'ya'yansa. Kasuwar Ƙofa, ta Badafi, har Tudun Wada, babu inda ba a san kwandonta da bakinta ba. Ita ce ungozoma. Rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibi, har da mai unguwa, kuma takan tuna masa a gaban jama'a. Sannan duk biki, duk suna, duk rasuwa, ita ke kan babbar tukunya. Ba a gayyatarta. Sai dai kawai a ji ta shigo tana cewa itacen ɗanye ne.

Ni Badiyya, shekara ashirin da biyu ina auren ɗanta, ban taɓa girkin da ya tsira daga bakinta ba. Sau ɗaya ta ce "ba laifi", shi ma daga baya aka gano daga maƙwabta aka kawo.

To ranar sadakar uku, Yaya Hajara, babbar 'yarta da ke aure a Kiru, ta ɗauko dogon ludayin Iya ta miƙo mini.

"Badiyya, ke kika zauna da ita. Tukunya taki ce."

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ga manya nan."

"Manyan ne suka ce ke."

Matar da ta ciyar da makokin kowa, a ce an ji kunya a nata, kuma a hannuna? Ai sai in bar garin. Na ɗaure ɗankwali tamau, na yi bisimilla.

Mata sun fi talatin a tsakar gida, kuma kowacce ta wayi gari ta zama Iya. Wannan ta ce Iya ba ta zuba daddawa sai ruwa ya tafasa sau biyu. Waccan ta ce ƙarya ne, sau uku. Wata tsohuwa ta rantse Iya cire kan kifi take yi, wata ta ce ai kan ne miyar. Na yi kunnen uwar shegu da su. Na gyara kifin da ta banda da hannunta makon jiya, na kaɗa kuka yadda na sha gani, ba gudaji ko ɗaya. Tuwon masara ya tuƙu sumul. Da ƙamshi ya tashi har Yaya Hajara ta gyaɗa kai. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya ɗan kumbura.

Bayan azahar aka fita da kwanuka wajen maza. Muka kasa kunne. Shiru. Na ce a raina daɗi ne ya hana su magana.

Can sai ga sallama a bakin zaure. Baba Hamma ne, tsohon masunci, abokin marigayi mijin Iya, da kwano a hannu.

"Sannunku da aiki, 'ya'yana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

"Tambaya ce da ni. Marigayiya ce ta bar wasiyya a yi mana maganin hawan jini? Liman dai ya ce komai ya samu bawa daga Allah ne, yana ta haɗiya. Ni tsufa ya cire mini kunya."

Na lakaci miyar na kai baki. Lami. Ko ƙwayar gishiri babu.

Yaya Hajara ta dubi mata. "Wa ya zuba gishiri?"

"Ni?" in ji wadda ta yi gardamar daddawa. "Na isa?"

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk amsar ke nan. A garin nan, shekara hamsin, babu macen da ta taɓa zuba wa babbar tukunya gishiri. Ku yi wanke-wanke, ku yi daka, ku yi tuƙi, amma idan an zo nan sai a ja baya. Iya ta taho tana "ku matsa", ta damƙo, ta watsa, ta ɗanɗana, sannan a sauke. Duk wadda ta yi karambanin miƙa hannu, ludayi ne zai sauka a kan hannun. Ni kaina da safe na auno gishirin a ƙwarya, na ajiye a gefen murhu, na ci gaba da harkata. Ga shi nan yadda na bar shi.

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, dariya ta kama gidan, har masu kuka a ɗaki suka leƙo. Aka aika a dawo da kwanuka.

"Zuba mana," in ji Yaya Hajara.

Na durƙusa gaban tukunya, na tsoma hannu cikin ƙwaryar, na damƙo. Sai na ji na noƙe kafaɗa, na runtse ido, ina jira. Babu wanda ya buge mini hannu. Tun ranar Talata ban yi hawaye ba, sai a nan na fashe da kuka.